Allurar mura ga mai juna biyu: a yi ko a bari?

Ranar Talatar makon jiya ƙanwata ta turo min saƙon murya har na minti bakwai, ina tsakiyar tuƙa tuwo amma yanda naji muryarta sai da na sauke tukunyar na samu waje na zauna. Cikinta wata biyar, na fari ne, maigidanta ya biya musu Umara su uku har da mahaifiyarsa, to likitar da take gani a wajen awo tace mata tunda cunkoso za ta shiga gara a yi mata allurar rigakafin mura kafin su tashi. Ta dawo gida ta faɗa, Hajiya, uwar mijin nata, tace sam, mura dai mura? mu da muka haifi takwas-takwas goma-goma wa ya taɓa tsira mana allurar mura, ciki ba abin wasa bane, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mijin kuma yace duk abinda suka yanke shikenan. Yarinya ta rasa inda za ta sa kanta, tace Yaya ke da aka taɓa yi miki dan Allah ki faɗa min tsakani da Allah, in yi ko in bari?

Ni an yi min ita a cikina na uku, lokacin muna Ingila maigida yana karatu. Kuma nima da farko ƙi nayi, sau biyu ungozomar tana min maganar ina ce mata zan yi shawara, sai da na zauna na bi abin daki-daki tukunna hankalina ya kwanta. Abinda na faɗa wa ƙanwata shi zan faɗaɗa anan, dan nasan ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba.

Abu na farko da ke rikita mu shine sunan kansa. Mu a Hausa komai mura ne. Yoyon hanci da atishawa na kwana uku wanda citta da lemon tsami da kanumfari ke kora, mura. Wadda kuma za ta kwantar da ƙato sati guda ya kasa ɗaga kai, itama mura muke cewa. Alhali ba abu ɗaya bane, ƙwayoyin cutar ma daban-daban ne. Allurar da ake magana ta ta biyun ce, wadda likitoci ke kira infuluwenza ko fulu, irin wadda ta zama annoba a duniya a 1918 ta kashe miliyoyin mutane, wadda kakanninmu suka riƙe da sunan marisuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace duk shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne take yi wa kamu mai tsanani, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ke rasuwa ta dalilinta. Saboda haka Hajiya ba ƙarya tayi ba da tace ba a yin allura dan yoyon hanci, kawai ita da likitar ba cuta ɗaya suke nufi ba.

Ni na san bambancin a jikina. Sanyin farko da muka yi a can, ban da ciki ma lokacin, da safe lafiyata lau na kai yara makaranta na dawo na ɗora girki, wallahi kafin azahar ina cikin bargo biyu haƙorana na haɗuwa, gaɓoɓina kamar an bi su da taɓarya, kaina kamar zai tsage, ga tari busasshe mai ƙona ƙirji. Kofin ruwan da ke kan durowar gado sai na daɗe ina kallonsa kafin na iya miƙa hannu. Na rantse maleriya ce, maigida yace ina kika ga sauro a cikin wannan ƙanƙarar. Kwana shida ina kwance, kasalar kuma ta kai sati uku bata sake ni ba. Wannan ranar ce ta faɗo min a rai da ungozoma ta sake min magana karo na uku, nace yanzu ace wancan ciwon ya same ni da cikin wata takwas, ina wannan hakin da ko hawa bene sai na tsaya a tsakiya na huta?

Dan shi ciki yana canza jiki ta yanda ciwon ƙirji yake fin ƙarfin mace da wuri. Mahaifa in ta girma tana tura huhu sama, wajen shaƙar iska ya ragu, a daidai lokacin da jiki ke buƙatar iska fiye da da tunda mutum biyu ake shaƙa wa. Jinin da zuciya ke bugawa ya ƙaru da kusan rabi. Garkuwar jiki kuma takan sassauta ta wani fannin dan kar ta yaƙi ɗan da ke ciki. Haɗa ukun nan ki ɗora fulu a kai, shi yasa wadda za ta yi wa maigidanki kwana biyar ya miƙe, ke tana iya gangara miki huhu ta zama nimoniya har a kai ga gadon asibiti da robar iska a hanci, musamman a watanni ukun ƙarshe da makonnin farko na jego. A annobar 2009 an ga wannan ƙarara, a Amurka masu ciki basu wuce kashi 1 cikin 100 na jama'a ba amma sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka rasu. A Ingila da aka bi diddigin matan da suka rasu da ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa daga 2009 zuwa 2012, ɗaya cikin kowace 11 fulu ce ta yi sanadi. Ɗan cikin ma ba ya tsira, zazzaɓi mai zafi a farkon ciki yana da alaƙa da tawayar laka da ƙwaƙwalwa, ciwo mai tsanani a ƙarshe kuma yana iya jawo naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini a kai shi kwalba, ko ma a rasa shi.

Ba ina faɗa dan in tsorata kowa bane. Yawancin masu cikin da suka kamu warkewa suke yi a gida. Amma in za a auna abu biyu dole a ɗora kowanne a sikeli, mu kuma mun saba mu ɗora allura ita kaɗai muna jujjuya ta, ɗaya gefen mu bar shi wayam kamar rashin yi bashi da nauyi.

To me allurar ke bayarwa? Ga uwa, tana rage yiwuwar kamuwa da kusan rabi a shekarar da aka dace, gwajin da aka yi a Soweto ta Afirka ta Kudu aka fitar a 2014 kusan hakan ya nuna, ga uwayen da kuma jariransu. Wani binciken da ya haɗa ƙasashe huɗu daga 2010 zuwa 2016 ya samu cewa ta rage kwantar da masu ciki a asibiti saboda fulu da kashi 40 cikin 100. Ba ɗari bisa ɗari ba kenan, kuma duk wanda yace miki ɗari bisa ɗari ce ya ƙara gishiri.

Amma ni abinda ya juya min ra'ayi gaba ɗaya ba kaina bane, jaririn ne. Ba a yi wa jariri wannan allurar sai ya cika wata shida, ko'ina a duniya haka ne, kuma a cikin yara babu wanda fulu ke yi wa illa kamar ɗan ƙasa da wata shidan nan. Hanyar da zai samu kariya tun ranar da ya faɗo ita ce ta jikin uwarsa, in an yi miki allurar jikinki zai haɗa sinadaran kariya su ratsa ta mabiyiya su shiga jininsa, ya fito da guzurinsa. Yanzu ki tuna yanda jegonmu yake. Daga ranar haihuwa ɗaki cike da 'yan barka, wannan ta karɓa ta miƙa wa waccan, wata da tarinta wata da majinarta, yara sun dawo daga makaranta da islamiyya sun rufu a kansa suna sumbata, ranar suna kuwa ba a magana, jaririn kwana bakwai sai ya ratsa hannu hamsin kafin magariba. Wace mai jego ce za ta iya ce wa gwaggon mijinta kar ki ɗauke shi kina tari? Ni dai ban iya ba, kuma nasan ƙanwata ma ba za ta iya ba. Kariyar da ke cikin jininsa ita ce ba ta buƙatar ki yi wa kowa rashin kunya.

Kuma wannan ba a kan turawa kaɗai aka gwada ba, wanda shine ƙorafin da na fi ji, wai jikinsu daban namu daban. A Bangaladesh aka fara nunawa a 2008, mata 340, jariran waɗanda aka yi wa allurar kamuwarsu da fulu ta ragu da kashi 63 cikin 100 a wata shidan farko. Sannan ga wanda ya fi kusa da mu, na Bamako a Mali, mata sama da 4,000 masu tsohon ciki, rabi aka yi musu ta fulu rabi aka yi musu ta sanƙarau dan a kwatanta, aka fitar da sakamako a 2016. Mutanen Sahel irinmu, zafinsu irin namu, hunturunsu irin namu, sauronsu irin namu. A watanni huɗun farko kamuwar jariran ta ragu da kusan kashi 68 cikin 100, daga nan kariyar ta fara sanyi, in aka haɗa wata shidan duka sai ta koma kamar kashi ɗaya cikin uku. Wato ƙarfinta yana daidai lokacin da yaro ya fi rauni, tana ja baya a hankali yayin da shi yake ƙara ƙwari.

Abinda ba ta yi kuma gara ki sani tun yanzu dan kar ki ce an yaudare ki. Ba ta hana murar yau da kullum, za ki iya yin ta ki yi yoyon hanci bayan sati biyu, wannan wata ƙwayar ce daban. Ba ta hana korona, ba ta hana maleriya. Kuma ba irin ta tetanus bace da in kin cika biyar kin huta, ita ƙwayar fulu canza kama take yi, shi yasa sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama ta zaɓi nau'ukan da za a sa a allura mai zuwa, wani lokaci a dace sosai wani lokaci a ɗan kauce. Wadda aka yi miki a cikin bara ba za ta yi wa na bana aiki ba.

Sai ɓangaren wahalarta. Ni a damtsen hagu aka min, da daddare wajen yayi tsami na kasa kwanciya ta wannan gefen, washegari naji jikina ba daɗi kamar zazzaɓi zai kama ni na sha farasitamol, kwana na biyu na manta ma anyi. Yawanci iyakarta kenan, tsamin hannu, ɗan ɗumin jiki, ciwon kai ko kasala na kwana ɗaya zuwa biyu. Masu cewa allurar ce ta sa musu fulu, wannan ɗumin suke nufi ko kuma dama sun riga sun ɗauka kafin ta fara aiki, dan sai ta yi kamar sati biyu kafin kariyar ta kankama, amma ita kanta babu ƙwaya mai rai a cikinta balle ta harbi mutum. Manyan illolin akwai su amma ƙalilan ne ƙwarai: jiki ya ƙi ta nan take har numfashi ya sarƙe, kusan mutum ɗaya cikin miliyan, shi yasa ake so a yi a inda akwai ma'aikatan lafiya ki ɗan zauna kafin ki tafi. Sai wata cutar jijiya mai kawo raunin ƙafafu da ake ce wa GBS, ɗaya ko biyu cikin miliyan, wadda ita fulu ɗin kanta ta fi allurar jawo ta. In an taɓa yi miki kika samu irin wannan matsalar, ki faɗa wa likita kafin komai, ke hukuncinki daban ne. In kuma ranar kina fama da zazzaɓi a bari sai kin warware.

Nasan duk wannan ba shi bane ainihin abinda ke cin ran mace. Ɓari ne. Ƙanwata ma sai a minti na shida na saƙonta ta fito da shi, murya na rawa, tace Yaya in wani abu ya samu cikin nan ai cewa za a yi ni na jawo. Maganar tana da tushe kaɗan, kuma gara in faɗa miki da bakina da ki tsince ta a wani wajen an yanke mata kai da ƙafa. A 2017 wani ƙaramin bincike a Amurka ya ga kamar akwai ƙarin ɓari cikin kwana 28 bayan allurar ga matan da aka yi wa shekara biyu a jere. Ba a ɓoye shi ba, aka buga, sannan su masu binciken suka sake wani da ya fi shi girma a kan shekaru uku, aka fitar a 2019, ba a ga wannan alaƙar ba. Sauran bincike masu yawa kafinsa da bayansa ma basu ga ƙarin ɓari ko tawaya ko haihuwar gawa ba. Tun wajajen 1960 ake ba masu ciki shawarar yin ta a Amurka, daga 2004 aka ce a kowane wata na ciki, a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciki a sahun farko na waɗanda ya kamata a yi wa. Miliyoyin ciki kenan aka bi aka gani. Abinda ke sa zargin ba ya mutuwa shine shi ɓari dama yana da yawa, cikin kowane ciki 100 da aka san da shi 10 zuwa 20 kan zube, yawanci a wata ukun farko, da allura ko babu. To in ya faɗo a satin da aka yi allura zuciya ba za ta yarda haɗuwa ce kawai ba, kuma ban ga laifin duk matar da taji haka ba.

Haka ban ga laifin Hajiya ba. Mutumin Kano da ya kai shekarunta ya san abinda ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wannan tabon ne ya taimaka aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 da zargin yana hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta, sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da nau'inta na asali. Amma a duba, Trovan sabon magani ne da ake gwadawa, ba rigakafi ba, ita kuwa wannan allurar ta fi shekara 60 a hannun mutane, kuma su turawan matansu suke fara yi wa, kyauta ma. A layin da na bi aka min, ni kaɗai ce mai hijabi. Zancen hana haihuwa kuwa, bayan wancan cikin na sake haihuwa biyu.

Akwai abu biyu da ke shafar mu musulmi da ya kamata a rarrabe. Rigakafin fulu iri biyu ne, na allura da na fesawa a hanci. Na hancin, wanda ake yi wa yara 'yan makaranta a Ingila da sunan Fluenz, ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma shi ne ke da sinadarin da aka samo daga alade. Wannan ba a ba mai ciki shi kwata-kwata, in ma wani ya miƙo miki ki ce a'a. Na allurar shi ne naki. Azumi kuma, malamai da dama sun tafi a kan allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya shi, in zuciyarki bata natsu ba ki je bayan shan ruwa ko ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Yanzu mu juya ɗaya gefen, ace kin zaɓi ki bari. Me kika samu? Kin huta da tsamin hannu, kin huta da kashe kuɗi, kin huta da surutun dangin miji, kuma in shekarar ta zo da sauƙi ba ki haɗu da ƙwayar ba to babu abinda kika rasa. Mata da yawa haka suke wucewa lafiya, har da iyayenmu da Hajiya ta kafa hujja da su, duk da dai waɗanda zazzaɓi da tari suka tafi da su da tsohon ciki a wancan zamanin ba wanda ya auna ya ga mece ce, an dai ce ajali. Amma bari ɗin yana da nasa sharaɗin, ba naɗe hannu bane. Duk zazzaɓin da ya kama ki kar ki aika yaro kemis a haɗo miki, ki je a ɗebi jini a duba maleriya, in babu ita kuma ga tari ga ciwon jiki da ya zo farat ɗaya ki tambayi likita ko fulu ce, dan akwai maganinta, oseltamivir wanda aka fi sani da Tamiflu, ana ba masu ciki, kuma ya fi aiki in an fara cikin kwana biyun farko. Maganin kashe bakteriya irin su amoksisilin da muke afawa ba sa taɓa ta. Zafin jiki a sauke shi da farasitamol, banda ibuprofen da dangoginsa sai da izinin likita. In kuma numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na ciwo, ko jiri, ko amai ba tsayawa, ko kika ji motsin yaro ya ragu, ko jini ya ɓalle, wannan ba na jiran gari ya waye bane. Kin ga matsalar kenan, duk wannan tsarin ya dogara da ki gane da wuri, a samu mota, a samu likita, a samu maganin a kusa, cikin awa 48. Ita allurar tafiya ɗaya ce.

Inda kike zaune shima yana canza lissafin sosai, anan ne ma nake ganin shawara ɗaya ba za ta yi wa kowa ba. In kina Ingila ko Amurka ko Kanada, sanyi na zuwa fulu na zuwa, a Ingila daga watan Satumba ake fara yi wa masu ciki kuma ko sisi ba za ki biya ba, to gaskiya ban ga dalilin bari ba. In Hajji ko Umara za ki, nan ma haka, ma'aikatar lafiyar Saudiyya da kanta tana ba maniyyata shawarar yin ta musamman masu ciki da tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe, kuma duk wanda ya taɓa tarar alhazai ya san tarin da suke dawowa da shi har ake ce masa tsarabar Makka. Ba duka tarin bane fulu, amma tana ciki, mutane daga kowace kusurwar duniya kafaɗa da kafaɗa a wajen ɗawafi, daga inda ake sanyi da inda ake zafi kowa da irin tasa.

In kuma kina gida Najeriya ba tafiya za ki yi ba, allurar ba ta cikin jerin waɗanda gwamnati ke yi kyauta a wajen awo, sai dai asibitocin kuɗi da manyan shagunan magani a birane, da kuɗinki. Fulu ɗin akwai ta a wajenmu, takan yi yawo kusan duk shekara ta ɗan fi tashi da hunturu ko damina, sai dai a jerin abubuwan da ke kashe mai ciki a ƙasarmu akwai waɗanda suka sha gabanta nesa. In kuɗin hannunki ƙididdigagge ne, wallahi kar ki ɗauki na awo ko na gwajin jini ko na tanadin haihuwa a asibiti ki kai wa allurar fulu. Allurar tetanus, Fansidar ɗin da ake ba ki ki haɗiye a gaban nas daga wata na huɗu, gidan sauro, maganin ƙarin jini, awon hawan jini, waɗannan su ne gaba. In kin cika su kuma da hali, ki ƙara da ita. In kina da asma, ko sikila, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko cuta mai karya garkuwar jiki, to ta matso sama sosai a jerin, ki tayar da maganar da likitarki ko ita bata tayar ba. Kuma ki kula da inda za a yi miki, abu ne da ke zama a firji ba a daskarar da shi ba a bar shi a zafi, da irin wutarmu kuwa ba kowane shago zan yarda da firjinsa ba. Ki ce a nuna miki kwalin ki duba ranar lalacewa da shekarar da aka yi ta dominta, haƙƙinki ne ba rashin kunya ba.

Wata nawa ya fi? Kowane wata ya halatta. Masu tsoron wata ukun farko su kan jira laulayi ya wuce, in ba lokacin fulu bane kuma ba tafiya a gaba wannan jiran ba wani abu bane, har ma wadda aka yi a wata na shida zuwa na takwas ta fi barin wa jariri kariya mai kauri. Amma in ana tsakiyar yayinta, ko yaran gida sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, jira na nufin ki ratsa lokacin haɗarin ba komai a jikinki. Kar kuma a kai ta dab da haihuwa, a bar wa jiki sati biyunsa ko fiye. Wadda ta riga ta haihu bata yi ba za ta iya yi tana shayarwa, ba ta taɓa nono, ko ba komai ta rage yiwuwar ita ta kamu ta shafa wa yaron, haka maigida da yayyen jaririn in da hali.

Abinda nace wa ƙanwata shine ni a matsayinta zan yi, ga ciki ga cunkoson Harami ga jariri na tafe, amma kar ta yi a ɓoye, dan in ta ɓoye ko tuntuɓe tayi a Makka allurar za a ɗora wa. Nace ta roƙi Hajiya ta raka ta awo ta yi wa likitar tambayoyinta da bakinta. Haka aka yi. Tace Hajiya tambaya biyu tayi, shin tana taɓa mahaifa, kuma shin akwai alade a ciki. Likitar ta ɗauko kwalin daga firji ta karanta mata abinda ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ta tuna mata cewa ta tetanus ɗin da ake yi wa duk jikokinta tun suna ciki ai ta wannan hanyar take kare su. Hajiya tayi shiru can tace to a yi mata Allah ya sa a dace, amma ni kam ba za a tsira min ba, duk da likitar ta ce mata da shekarunta da ciwon sugarta ita ma tana cikin waɗanda ake so su yi. Jiya Alhamis aka yi wa ƙanwata, da safen nan tace min hannun yayi tsami ta kasa ɗaura ɗankwali da shi, yaron kuma yana ta motsinsa. Saura kwana 19 su tashi, ta ce za ta sake gwada yi wa Hajiya magana ta bakin ɗanta kafin sati biyun ya ƙure.